Oska biyu a tankin lita 112: zai yiwu ko asara ce?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Akwai tankin gilashi mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 40. Ana so a zuba masa oska biyu, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, da fileko ɗaya, wannan baƙin kifin mai lasar gilashi. Mai sayarwa ya ce kifi ba ya wuce girman tankin da aka sa shi, kuma in dai akwai filta mai ƙarfi ba matsala. Gaskiya ne?

Uwar Oska: Wa'alaikumus salam ƙanina. Kada ka zuba tukuna. Fara da lissafi: tsawo sau faɗi sau tsayi, a raba da 1000. Naka ya ba da lita 112, kuma wannan in an cika shi har baki ne. Cire yatsu uku da ake bari a sama, cire yashi da duwatsu, ruwan da zai rage bai fi lita 95 ba.

Oska kifin kogunan Amazon ne a Kudancin Amurka. Wanda kake gani kamar yatsa yana ƙara kusan santimita 2 kowane wata a shekararsa ta farko, ya tsaya a 30 zuwa 35, kuma yana iya shekara goma ko fiye. Faɗin tankinka 35 ne. Ka ga ke nan ranar da ya cika girma, juyawa ma sai ya lanƙwashe jiki. Guda ɗaya tak yana buƙatar kamar 120 da 45 da 50, lita 270. Biyu kuwa a nemi 150 da 60 da 60, lita 540. Shi ma filekon da ake sayarwa a matsayin mai share tanki yana kaiwa santimita 40 zuwa 50, kuma kashin da yake yi ya fi abin da yake sharewa yawa nesa ba kusa ba.

Sabon Shiga: To Hajiya, maganar cewa yana tsayawa daidai tankinsa fa?

Uwar Oska: Yana tsayawa, amma tsumburewa ce, ba lafiya ba. Za ka ga idanun sun yi wa kan girma, bayan ya ɗan karkace, launin ya dusashe, fiffiken ya zaizaye. Abin da ya tsayar da shi ba gilashin ba ne, ruwan da ya gurɓace ne da takura. Kifin da zai yi shekara goma sai ya tafi a biyu ko uku.

Alhajin Tarwada: Ni dai ina ganin kuna tsananta abin. A gonar kifi ana zuba tarwada ɗari a lita dubu na tankin tamfol, su kai kilo guda guda, a kwashe a sayar. Wato kowanne lita goma ke nan. Ta yaya za a ce kifi ɗaya da bai kai kilo biyu ba sai an ba shi lita 270? Wannan lissafin Turawa ne masu kuɗin ɓarnatarwa.

Malam Ma'auni: Alhaji, ranka ya daɗe, lissafinka na gona daidai ne, amma abu uku suka raba shi da wannan. Na farko, tarwada tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da iskarsa ta ƙare. Oska ba shi da ita. Na biyu, mai gona yana zubar da ruwa kullum ko bayan kwana biyu, wani ma ruwan na shiga yana fita ba tsayawa. Na uku, wata huɗu zuwa shida ake kwashe ta. Illar da gurɓataccen ruwa ke yi wa hanta da ƙoda ba ta samun lokacin bayyana. Wanda zai zauna shekara goma a falo, dole ta bayyana.

Bari in kawo lissafin da zai nuna inda matsalar take. Masu kiwon kifi sun san cewa kowane kilo na abinci yana fitar da kusan gram 30 na amoniya, wato gubar da kifi ke fitarwa cikin ruwa bayan ya ci. Manyan oska biyu da fileko za su ci gram 5 a rana cikin sauƙi. Wato miligram 150 na amoniya kullum. A lita 100, wannan 1.5 ne a kowace lita, kowace rana. A lita 500 kuwa 0.3 ne. Abinci ɗaya, kifi ɗaya, amma gubar ta ninka biyar.

Alhajin Tarwada: Ai aikin filta ke nan, Malam. A sa babba.

Malam Ma'auni: Nan ne mutane da yawa ke zamewa. Filta ba ta fitar da komai daga tanki, sauya masa kama take yi. A jikin soson filta akwai ƙwayoyin bakteriya iri biyu. Na farko suna mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne: yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iska, sai ka ga kifi yana haki a saman ruwa alhali famfon iska na aiki, in ka ɗaga kunnensa ka ga jan naman nan ya koma ruwan ƙasa. Na biyu suna mayar da naitirait naitiret. Sunayen sun yi kama, a kula: mai "rait" shi ne mai kisa da sauri, mai "ret" shi ne mai taruwa a hankali. To naitiret ɗin nan babu filtar da aka saba da ita da ke cire shi. Canza ruwa da tiyo da bokiti ne maganinsa.

Abin da ake nema a gwajin ruwa, da miligram a kowace lita: amoniya 0, naitirait 0, naitiret ƙasa da 40, in da hali kusa da 20.

Yanzu mu ƙaddara naitiret na ƙaruwa da 20 a mako a tankin lita 270. In ana canza rabin ruwa duk mako, zai riƙa kaiwa 40 ya dawo 20, ya tsaya a haka. Ɗauki kifin nan da abincinsa ka kai lita 100, ƙaruwar ta zama 54 a mako, canza rabi zai bar ka kana lilo tsakanin 54 da 108. Ko filtar miliyan ka sa, wannan lissafin ba zai motsa ba. Kuma irin wannan ruwan ne ake yawan samu a tankin oskan da ramuka suka fito masa a goshi da gefen ido, kamar an tsattsaga da allura.

Alhajin Tarwada: Na yarda da batun naitiret. Amma ka ga ashe maganar ta dawo kan canjin ruwa. Mai ƙaramin tanki ya canza kullum mana.

Uwar Oska: Ko ya canza kullum, Alhaji, faɗin 35 yana nan. Sannan oska biyu in suka balaga ba lalle su shirya ba. Ɗaya zai kama kusurwa, ya hana ɗayan sakat, su riƙa kama leɓen juna suna kokawa. A dogon tanki wanda aka fi ƙarfi yana da wurin gudu. A santimita 80 da safe za a tarar da shi a kwance ɓawonsa ya zube.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. To in na fara da wannan ɗin, bayan wata shida in yi babba?

Mai Gilashi: Ɗan'uwa, wannan ita ce maganar da kowa ke yi, kuma kifin ba ya jiran aljihu. In babban bai samu yanzu ba, a zuba wa ƙaramin ƙananan kifaye, a yi haƙuri da oska. In kuwa za a yi babban, ga abin da za ka gaya wa mai yankan gilashi, don da yawansu taga da teburi suka saba yi.

Na 120 da 45 da 50, gilashi milimita 10. Na 150 da 60 da 60, milimita 12, kada a rage. Tsayin ruwa shi ke tura gilashi, ba yawansa ba, shi ya sa ya fi a ƙara faɗi da a ƙara tsayi, kuma kifin ma faɗin ya fi yi masa amfani. Dole a ɗaura masa ɗamara a sama: siraran gilashi masu faɗin santimita 6 zuwa 8 a manne a tsawon gaba da baya, da ɗaya ko biyu a gicciye. Ba ɗamara, tsakiyar gilashin gaba zai yi ciki, wata rana ya buɗe.

Gam kuwa silikon zalla, mai warin tsami in ana matsawa. Kada a karɓi na banɗaki da kicin wanda aka rubuta yana hana fumfuna, maganin da ke ciki yana kashe kifi. A bar shi ya bushe mako guda, a cika shi da ruwa a tsakar gida kwana biyu kafin ya shiga ɗaki.

Sai nauyi, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Gilashin babban shi kaɗai ya haura kilo 100. Haɗa ruwa da yashi da teburin ƙarfe, kana maganar kusan kilo 700, buhun siminti 14 a fili ɗan ƙarami. Teburin katako na talabijin ba zai ɗauka ba. Mai walda ya yi na ƙarfe mai kauri da ƙafa shida, a shimfiɗa katako mai laushin fuska a sama, a ɗora farin soson nan da ke zuwa a kwalin firij, sannan tankin. A sa lebur irin na magina ta kowane ɓangare. Tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin gilashin ƙasa, ko ƙafa ɗaya da ta fi sauran gajarta, ita ke tsaga tanki da tsakar dare. Mai gidan bene kuma ya ajiye shi jikin bango, ba tsakiyar ɗaki ba.

Sabon Shiga: Filta wace iri?

Mai Gilashi: Ga babban kifi, ƙaramin tanki na biyu a ƙarƙashin teburi ya fi komai, wanda ake cewa samf. Ruwa ya gangaro ta bututu daga saman babban, ya ratsa ɗaki uku: soso mai kama datti, sai kayan da bakteriya ke zama a kai, sai famfon da ke mayar da shi sama. A ɗakin tsakiya ana sa zobban tangaran da ake sayarwa, amma soson roba na wanke tukunya, wanda ba sabulu ba ƙarfe a jikinsa, yana yin aikin da araha. Famfon ya iya juya ruwan tankin sau 5 zuwa 6 a awa, wato kamar lita 3000 a awa ga na 540, domin hawan da zai yi yana cin wani kaso na ƙarfinsa.

Abu biyu kada a manta: a bar sarari a samf ɗin da zai ɗauki ruwan da zai gangaro in an ɗauke wuta, sannan a huda ɗan rami a bututun da ke mayar da ruwa, daidai ƙasa da fuskar ruwan tanki. Ramin nan ne zai shaƙi iska ya katse zuƙar. Ba shi, bututun zai janye tankin ya malale ɗaki.

Malam Ma'auni: In ƙara a kan wannan. Sabuwar filta fanko ce, babu bakteriya ko ɗaya. Sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. A kunna komai ba kifi, a riƙa jefa ɗan abinci kullum yana ruɓewa, ana gwaji. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya ya hau ya sauka, naitiret ya fara bayyana. In biyun farko sun zauna a 0, an shirya. Mai son gajerta hanya ya karɓo tsohon soso daga tankin da kifinsa ke da lafiya, ya kawo shi a jiƙe cikin leda.

Wankin soso kuma a cikin ruwan da aka zuƙo daga tankin ake yi, a matse sau uku ko huɗu a mayar. Wanda ya kai shi bakin famfo ya wanke fes ya kashe abin da ya yi wata guda yana renonsa, bayan kwana biyu ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara.

Na'urar gwaji ta ɗigo ta fi ta takarda. Masu amfani da ta kamfanin API su kula da kwalba ta biyu ta naitiret: a girgiza ta daƙiƙa 30 da ƙarfi kafin a ɗiga, a girgiza bututun gwajin minti ɗaya, a jira minti 5. In ba a yi haka ba za ta nuna 0 alhali ruwan ya cika.

Alhajin Tarwada: To a nan bari in gyara muku wani abu, tunda kuna ta cewa a canza ruwa ba ku faɗi wane ruwa ba. Ruwan burtsatse in ya fito daga ƙasa kusan ba iska a cikinsa. A zuba shi kai tsaye da yawa, kifi ya taso sama. A tara shi a duro, a jefa dutsen iska, wanda ake haɗawa da famfon iska yana fitar da kumfa, ya kwana. In da safe aka ga ya yi ja-ja ko ya bar tsatsa a gindin duro, akwai ƙarfe a ciki, a bar shi ya kwanta a ɗebi na sama. Rijiyar cikin gari da ke kusa da masai kuma a gwada ta kafin a yarda da ita, wata tana zuwa da naitiret ɗinta. Sannan na 'yan garuwa a tambayi inda aka ɗebo, kuma ko an sa masa alif, don alif yana sa ruwa tsami.

Malam Ma'auni: Wannan gyara ne mai kyau, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ruwan burtsatse ma pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa (ƙaramar lamba ta fi tsami), kan hau bayan ya kwana da iska, don haka a gwada na duron, ba na bakin famfo ba. Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci: amoniya ɗaya a pH 8 ta fi ta pH 7 guba kusan sau goma. Oska yana zaune lafiya daga 6.5 zuwa 7.5, har ɗan sama, muddin ba ya hawa da sauka. Kada a bi shi da magungunan sauke pH.

Na famfon gwamnati kuwa kulorin ne matsalarsa. Kwana ɗaya da iska yana kore shi, amma maganin cire shi ya fi tabbas. Wanda ake kira Seachem Prime mililita 5 ne ga lita 200.

Gargaɗi ɗaya: tankin da aka yi watanni ba a canza masa ruwa ba, kada a tashi rana ɗaya a zubar da rabi. Ruwansa ya riga ya yi tsami, kifin ya saba. A riƙa cire kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kullum har mako guda. Kuma cika abin da zafi ya ƙafar ba canjin ruwa ba ne, ruwan ne ya tashi, dattin yana nan.

Uwar Oska: Ƙanina, ka lissafa wannan tun yanzu: rabin babban tankin jarka goma ce mai lita 25, duk mako. In samun ruwan zai yi wuya, oska ɗaya a 270 ya fi maka. Ka sa bakin tiyon cikin yashi kana bi layi layi, nan kashin ke kwanciya. Yashin kada ya wuce kaurin yatsu biyu, duwatsu kuma su zauna a kan gilashi kafin a zuba yashi, don oska maginin rami ne, zai tone ƙarƙashinsu su faɗo.

Abinci: ƙwayar da aka yi domin irinsa ita ce tushe. Ƙanana sau biyu a rana, manya sau ɗaya, abin da za su cinye cikin minti biyu, a bar su da yunwa rana ɗaya a mako. Za su zo gaban gilashi suna rawa kamar ba su taɓa ci ba, kada ka biye musu. Tsutsar tana da gyare da fara suna da kyau, in an tabbata ba daga gonar da aka yi feshi suka fito ba. Naman shanu da na kaza a bar shi, kitsensa na taruwa a hanta. Ƙananan kifaye masu rai daga kasuwa kuma hanyar shigo da cuta ce.

Sabon Shiga: Abin da ke ba ni tsoro shi ne wuta. In an ɗauke ta yini guda fa?

Mai Gilashi: Kafin ka sayi kifi ka sayi famfon iska mai caji, wanda ke komawa batiri da kansa. Bai fi wat 5 ba. A haɗa shi da filtar soso guda a cikin tankin, ka ga ko babban famfo ya tsaya akwai iska kuma akwai bakteriya masu aiki. Mai sola ko inbata ya ɗora famfon samf a kai, ba ya cin wuta sosai. Mai filtar gwangwani rufaffiya ya fi kowa shiga haɗari: in ta yi awanni a tsaye iskar ciki ta ƙare, wuta na dawowa ta tura ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. A cire ta daga soket, a buɗe a sansana. In ta yi warin ruɓaɓɓen ƙwai a zubar da ruwan ciki a ɗauraye kafin a kunna. Ranar da ba wuta kuma ba abinci. Babban kifi zai yi kwana uku bai ci ba lafiya lau.

Malam Ma'auni: Da zafi da sanyi ma. Ana so ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 28. A watan Afrilu da Mayu ruwan ɗaki na iya haura 32, ga shi ruwan zafi bai riƙe iska kamar mai sanyi, kifin kuma a lokacin ya fi buƙatarta. A ɗaga murfi a sa raga, a juya fanka tana busa fuskar ruwan, zai sauka da digiri 2 ko 3. Kada a zuba ƙanƙara. Da hunturu kuwa, Disamba da Janairu, musamman Jos da Kano da Zariya, dare ɗaya ya isa ya saukar da ruwan, bayan kwanaki a ga fararen ɗigo kamar gishiri a jikin kifi. Hita kusan wat ɗaya ga kowace lita, a sa ta cikin samf, don oska na fasa ta gilashi.

Ɗan Masunta: Salamu alaikum. Ina ta bin muhawarar. Tunda ana maganar manyan kifaye, a tuna namu na gida ma suna cikin waɗanda ake nema a Turai da Asiya. Gartsa da ke kogin Neja da Binuwai da tafkin Chadi, ƙaramar irinta kan tsaya wajen santimita 30 a tanki, tana shaƙar iskar sama, don haka ɗauke wuta bai cika kayar da ita ba. Sharaɗinta murfi mai nauyi ba ko ƙofa, don tana fita, da ɗan sarari tsakanin ruwa da murfin. Ƙurungu ma yana zama lafiya da oska a babban tanki in an ba shi bututun ɓuya. Talibambam kuwa yana haura santimita 40, kuma shi kaɗai ake ajiye shi, haƙoransa na yanke duk abin da aka haɗa shi da shi.

Waɗanda ba na tankin ɗaki ba ne sam: yauni yana wuce mita ɗaya da rabi, bargi da gaiwa suna kusan mita, giwan ruwa kuwa sunansa ya isa. Haka na waje da ake kawowa suna ƙanana: arowana mai ruwan azurfa santimita 90, ga tsalle, kifin nan mai jar wutsiya na Amazon da wanda ake kira shak mai sheƙi duk sun haura mita. Waɗannan sai kududdufin siminti.

Duk wanda aka kamo daga kogi a ware shi mako huɗu a wani tanki. Gartsar daji kan zo da wasu siraran tsutsotsi kamar zare a jikinta da kan idonta, za a ga tana goga jiki da yashi. Maganin Praziquantel ke kashe su.

Sabon Shiga: To gartsa ɗaya a na 80 ɗin nan fa, kafin a haɗa babban?

Ɗan Masunta: In 'yar ƙarama ce kamar santimita 10, za ta yi wata shida zuwa takwas a ciki, ita kaɗai, da yashi mai laushi maimakon tsakuwa, don tana haɗiye tsakuwa in tana cafkar abinci. Bayan nan ita ma 120 ɗin za ta koma. Ka fara kunna filtar yau, ka turo mana sakamakon gwajin mako na biyu, da na ruwan da za ka riƙa canji da shi.